Ƙarcen da ke Jikin Faifan Datti Lakwaya

Tabon da ke jikin abu, na wa ne? Na mai abin, ko na wanda ya yi tabon? In wani ya zo daga baya ya goge shi da kyakkyawar niyya, gyara ya yi ko shisshigi? Har yau ba a sami wanda ya warware wannan ba. Shi kansa Sufeto Dalhatu na caji ofis ɗin Gwarzo yakan juya tambayar a ransa in ya zauna shi kaɗai, sannan ya bar ta yadda ya same ta.

Abin ya faro ne wata ranar Talata bayan la'asar, lokacin da wata mata ta shigo ofis da mayafi a karkace, idanunta jawur. Sunanta Badi'a Datti. Tana da ɗan shagon kwamfuta kusa da tasha, inda take buga wa mutane takardu.

"Yallaɓai, an yi mini sata a shago."

"Kwamfuta?"

"Tana nan."

"Janareta? Waya?"

"Duk suna nan. Faifai aka ɗauka. Faifan garmaho na babana."

Sufeto ya ajiye bironsa ya dube ta da kyau. Mutum ne mai tsayi, marar hanzarin magana, wanda abokan aikinsa ke cewa yana tambayar ɓarawo kamar mai neman aurensa.

Ta yi masa bayani. Mahaifinta, marigayi Datti Lakwaya, makaɗin kalangu ne mai waƙoƙin noma. Sau ɗaya tak a rayuwarsa aka kai shi Kano aka buga masa faifai. Ya rasu tana goye, ita ce auta. Sauran faifan da aka buga sun bi duniya sun ƙare, ɗaya ya rage a ƙasan akwatinsa.

"Ban san muryarsa a ko'ina ba sai a nan," in ji ta.

Sufeto ya ɗauki hularsa.

Shagon ƙarami ne, ƙofar ba a fasa ta ba. Badi'a ta ce da azahar an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, sai ta ja ƙofar ta shiga gidan maƙwabta ta yi salla. Ta dawo ta tarar babu faifai.

A kan tebur akwai garmaho irin na wuta da ta aro, an haɗa shi da kwamfuta da waya. Sufeto ya ɗaga ƙyallen da ke rufe da shi.

"Ke kika rufe?"

"A'a. A buɗe na bar shi, allura ma tana kan faifan, don wutar ta tafi yana cikin juyawa."

Ya sunkuya. An ɗage hannun garmahon an mayar da shi mazauninsa, an maƙala masa 'yar ƙugiyar da ke riƙe shi, har ɗan murfin allura an mayar.

"Ɓarawon naki yana da ladabi," ya ce. "Kuma ya san garmaho. Yaron yanzu fizgewa zai yi, allurar ta ja masa layi. Me kike yi wa faifan?"

Nan fuskarta ta ɗan saki. An dawo da wuta, ta kunna kwamfuta ta buɗe wata manhaja da ta ce kyauta ake sauke ta. Wani zane ya bayyana, shuɗi, mai tudu da kwari.

"Wannan ita ce waƙar, Yallaɓai. Na wanke faifan da ruwa mai tsabta da ƙyalle mai laushi, na juya shi, kwamfuta ta ɗauka. Ji yadda yake tun asali."

Ta danna. Ƙara ta cika shagon kamar ana suyar gyaɗa a cikin yashi, can ƙarƙashi kalangu na kuka. Wata murya mai kauri ta buɗe da sunan Allah da salati, sannan ta shiga kirarin manoma.

"Ka ga waɗannan siraran da suka miƙe kamar ƙaya? Kowace ɗaya ƙas ce guda. Ƙananan, manhajar na tsince su da kanta. Amma in ka matsa mata da yawa sai ta ɗauka bugun kalangun ma datti ne, ta cinye shi. Manyan dole da hannu. Sai in buɗa wurin sosai, in zaɓi ƙayar kaɗai, in ce ta gyara. Sai ta dubi abin da ke gaba da abin da ke baya, ta cike tsakanin."

"Ta yi ƙarya ke nan."

"Ta yi ƙiyasi, Yallaɓai." Ta yi murmushi a karon farko. "Shi ya sa ba na taɓa na asalin. Yana ajiye daban, a kan kwafi nake aiki."

"To tunda waƙar na ciki, me kike kuka?"

"Ban gama ɗaukar bayan faifan ba. Kuma hannun babana ya taɓa shi."

Sufeto ya nuna wani wuri a tsakiyar zanen inda ƙayoyin suka cunkushe kamar shinge.

"Nan fa?"

"Nan ne ya cinye mini damina guda. Da ba a jin komai a wurin sai fashe-fashe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ji abin da ya fito."

Kalangu ya lafa. Wata muryar mace ta tashi, siririya, mai wani ɗan karyewa a ƙarshen numfashi kamar za ta yi dariya ta fasa.

"Rana ta take, zan kai fura gona..."

Sai tsalle. Kalangu ya dawo, Datti ya ci gaba.

"Akwai layi ɗaya bayan wannan, ya tafi," in ji Badi'a. "Ramin ya yi zurfi, allura tsallakewa take yi. Manhaja ba ta iya ƙiyasin abin da babu shi gaba ɗaya."

"Wace ce?"

"Ban sani ba. Wata 'yar amshi, ina jin."

Sufeto ya sa ta sake kunnawa. Ya lura da abu ɗaya: shingen ƙayar ya fara ne daidai inda macen ta buɗe baki, ya ƙare daidai inda ta rufe.

"Wa ya san faifan yana nan?"

"Maikuɗi mai kayan da, ya sha zuwa yana so in sayar masa. Sai 'yan gida. Ranar Juma'a na je Kabo wurin Gwaggona, Hajiya Gwamma, ƙanwar babana. Na kunna musu wannan wurin a waya, na ce in na gama zan kai gidan rediyo a sa a shirin mawaƙan da."

"Me suka ce?"

"Gwaggo tashi ta yi ta shige ɗaki. Ta ce ita ba ta jin kiɗa, kar in sake kunna mata. Ita ke koyar da matan aure a Islamiyya, ka san. Mijinta kuwa, Baba Malam Abdulmuttalib, bai ce uffan ba."

Washegari da hantsi Sufeto ya sami Maikuɗi a rumfarsa, a tsakiyar tsofaffin rediyo da fitilun ƙwai da agogunan bango da suka daina tafiya. Gajere ne mai yawan dariya, amma da ya ga kaki sai dariyar ta maƙale.

"Ranka ya daɗe, sannu da zuwa, ya aiki, ya iyali, a kawo ruwa?"

"Jiya da azahar ka je shagon Badi'a?"

"Ni? Rabona da layin tasha an kwana biyu."

"Mai rake na ƙofar shagon ya ce ka saya, har ka ce masa raken ba zaƙi."

Maikuɗi ya sosa ƙeya. "Wato... na bi ta wurin. Bi kawai."

"Kana son faifan."

"Da ina so, kafin in gan shi a hannu. Yallaɓai, wannan faifan ba tsufa ne ya ci shi ba. Ni na san ƙarcen tsufa, ko'ina yake bi, ba ya zaɓe. Wannan ƙusa aka sa. An zauna an nemi wuri ɗaya an yi ta kartawa, sama da ƙasa. Wa zai saya?"

"To me ya sa ka yi mini ƙarya?"

Maikuɗi ya kau da kai.

"Maikuɗi, ko mu ƙarasa hirar a bayan kanta?"

"Allah ya huci zuciyarka." Ya rage murya. "Na ga mutum yana fitowa daga shagon, hannunsa ɗaya a cikin riga. Amma wallahi bakina ba zai iya kiran sunansa da wannan magana ba. Shi ya koya mini alif. Shi ya raɗa wa 'ya'yana suna."

"Mutumin Kabo ne?"

Maikuɗi ya dubi ƙasa, ya shiga goge wani agogon da ba shi da ƙura.

Sufeto ya ɗauki Badi'a a mota, da kwamfutarta a jaka. Ya biya ta ofishin 'yan sandan Kabo ya gaisa, ya ce ziyara ce ta dangi, ba ya buƙatar rakiya. A hanya bai faɗa mata abin da yake zato ba. Gero ya yi kai a gonaki hagu da dama, shi kuwa yana ta tunanin irin mutumin da zai yi sata ya tsaya rufe garmaho don kar ƙura ta shiga.

Gidan Malam Abdulmuttalib na ƙasa ne, da soro babba mai sanyi. Kafin su yi sallama sai suka ji karatu daga cikin gida. Mata ne ke bin wata waƙar koyon farillan alwala, malamarsu na ja suna amsawa.

Sufeto ya tsaya cak da takalmi ɗaya a hannu.

Muryar ta tsufa, ta yi kauri. Amma a ƙarshen kowane baiti akwai wannan ɗan karyewar, kamar za a yi dariya a fasa.

Ya dubi Badi'a. Ita ba ta ji komai ba. Muryar da ka tashi da ita tun kana yaro ba ka jin ta kamar yadda baƙo ke ji.

Malam yana zaune a kan buzu a soro, dattijo fari tas, siriri, littattafai jere a bayansa. Aka gaisa, aka tambayi gida da damina da gajiya da jama'a, aka sake tambaya. Badi'a ta durƙusa ta gaishe shi ta shige ciki. Can aka tashi karatun mata, Hajiya Gwamma ta zo bakin labulen da ke raba soro da tsakar gida, suka gaisa da baƙo.

"Inna, tambaya ɗaya gare ni," in ji Sufeto. "Lokacin da aka kai marigayi Kano buga faifai, wa ya yi masa amshin mata?"

"Ina zan sani, ɗan nan? Ina yarinya."

"Ba ki raka shi ba?"

"Ni ban taɓa taka inda ake kiɗa ba." Labulen ya motsa, ta ja baya, amma ba a ji tafiyar takalminta ba.

Sufeto ya juyo. "Allah ya gafarta Malam, an sace faifan jiya."

"Allah ya bayyana shi."

"Amin. Malam ya leƙa Gwarzo jiya?"

"Ni da Gwarzo sai ta'aziyya."

"Malam ya san garmaho?"

"Ɗan makaranta ina shi ina garmaho?"

Ya faɗa ne yana kallon carbinsa. Sufeto ya ga mutumin da bai saba ƙarya ba, tana yi masa nauyi a baki kamar tsakuwa. Sai ya ji ba ya son abin da zai yi, amma ya yi.

"To, alhamdu lillahi, asarar ba ta yi yawa ba. Waƙar tana nan. Badi'a za ta kai gidan rediyo yadda ta yi niyya."

Carbin ya tsaya.

"Tana nan ina?"

"A kwamfuta."

"Ai babu faifan."

"Ba ta buƙatarsa, Malam. Ta riga ta kwashe."

"A'a." Dattijon ya gyara zama. "Na gani da idona, waya ce ta taso daga garmahon ta shiga na'urar. Daga faifan take sha. In ka ɗauke faifai garmaho shiru yake yi, wannan kowa ya sani."

"Malam ya gani da idonsa," in ji Sufeto a hankali. "A Gwarzo."

Wata kaza ta leƙo ta koma.

Malam ya daɗe yana kallon hannuwansa. Sannan ya yi wata 'yar dariya marar sauti.

"Na yi sata, na yi ƙarya biyu a gaban baƙo, kuma duk a banza. Astagfirullah." Ya juya, ya zare wani babban littafi daga jeri. A bayansa ga faifan a tsaye, an naɗe shi da farin rawani. "Ba a kwantar da shi, lanƙwashewa yake yi. Nan ne wuri mafi sanyi a gidan."

Sufeto ya karɓa da hannu biyu. Ya buɗe, ya ga baƙin faifai da wani zobe na ƙarce-ƙarce a tsakiyarsa.

"Me ya sa ba ka fasa shi ba? Ko ka jefa rijiya?"

"Da sunan Allah aka buɗe waƙar. Ba a wulaƙanta abin da ke ɗauke da sunan Allah."

"Shi ke nan dalilin?"

Muryar Malam ta yi ƙasa.

"Ina ɗalibi a Kano, akwai mai shayi a bakin zauren da muke kwana, yana da garmaho. Ni nake canza masa allura, yana ba ni shayi. Wata rana ya kawo sabon faifai na wani makaɗi daga Lakwaya. Ana cikin kiɗa sai wata yarinya ta yi layi biyu. Layi biyu kawai. Na sa ya maimaita har ya kore ni. Na yi ta tambaya har aka ce mini ƙanwar makaɗin ce."

"Sai ka nemi aurenta."

"Na ce wa mahaifina na ji labarin tarbiyyarta. Ba ƙarya ba ne, amma ba shi ne ya kai ni ba. Da ya san ta yi waƙa a faifai, da ba a yi ba. Bayan aure na ga faifan yayanta, na ga abin da aka yi masa da ƙusa, na gane ba ta so a sani. To ni wane ne da zan tona? Ranar Juma'a yarinyar nan ta kunna, na ga fuskar Hajiya. Matan garin nan kaf a gabanta suke durƙusawa su ɗauki karatu. A ce gobe a ji ta a rediyo tana kai wa saurayi fura gona?" Ya girgiza kai. "Na ce gara ni a kira ni ɓarawo."

Labulen ya yaye.

Hajiya Gwamma ta fito soro, abin da ba ta yi in da baƙo namiji. Doguwa ce, ta riƙe bakin hijabinta da hannu ɗaya. Badi'a na bayanta, hannu a baki.

"Malam. Ashe ka sani?"

Bai ɗago ba. "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ki san ni."

"Kai jama'a!" Ta dafa bango. "Ana saura kwanaki a kawo ni gidan nan na ɗauki ƙusa na lalata faifan Yaya Datti, don kar kai ka ji. Ya yi wata bai yi mini magana ba. Na haifi 'ya'ya, na aurar da su, kullum gabana na faɗuwa kar wani ya zo ya faɗa maka. Kai kuwa kana zaune a kan buzu ka sani!"

"Na ga ba ki so."

"Ai sai ka tambaya!"

"Ke ma ai sai ki faɗa."

Sufeto ya duƙar da kai yana duba rawanin da ke hannunsa kamar akwai shaida a jikinsa.

Badi'a ta durƙusa a gaban gwaggonta tana hawaye. "Gwaggo, ki yafe mini. Na ɗauka datti ne nake cirewa. Wallahi ban san rufi ba ne. In kin ce in goge, yanzu zan goge wanda na gyara, in bar shi da ƙarcensa yadda kika yi shi. Rediyo kuma na fasa."



Malam ya miƙe da ƙyar, ya gyara rigarsa, ya miƙa wa Sufeto hannuwansa biyu a haɗe.

"Mu je, Yallaɓai."

"Haba Baba Malam!" in ji Badi'a. "Na janye ƙarar. Yallaɓai, na janye!"

"Sai an je ofis za a janye," in ji Sufeto. Ya sauke hannuwan dattijon a hankali. "Ban zo da ankwa ba, Malam. Gaban mota za ka zauna. Ka ba da bayani, ta sa hannu, in dawo da kai kafin magariba."

"Haka ya kamata. Na shiga shagon mutane ba izini. A rubuta."

Ya sa takalmansa. Sufeto ya riƙe masa gwiwar hannu suka nufi ƙofa, Badi'a ta ɗauki jakarta.

"Tsaya."

Duk suka juyo. Hajiya Gwamma ta zauna a gefen buzun mijinta, ta nuna jakar da haɓa.

"Ke, buɗe abin nan. Kunna."

"Gwaggo, kin ce..."

"Na san abin da na ce. Za a tafi da mutum caji ofis a kan waƙa, ai sai a bari ya ji ta tukuna."

Badi'a ta buɗe kwamfutar a kan tabarma. Zanen shuɗi ya fito. Ta danna.

Datti Lakwaya ya kira sunan Allah, tas, babu suyar gyaɗa. Hajiya ta rufe ido da ta ji muryar yayanta. Kalangu ya yi ta tafiya, sannan ya lafa. Yarinyar ta tashi.

"Rana ta take, zan kai fura gona..."

"Nan ne ramin," in ji Badi'a da raɗa, ta tsayar. "Daga nan babu."

Hajiya Gwamma ta buɗe ido. Ba ta dubi kwamfutar ba, ba ta dubi Sufeto ba. Ta dubi tsohon da ke tsaye a bakin ƙofa, ɗan sanda riƙe da hannunsa. Ta gyara murya, ta ja, da ɗan karyewar nan a ƙarshe:

"Ba na ganin nisa in shi ke can."